Shirun Minti Uku

Jirgin yawon shaƙatawa na tsaye a tashar Bodø, ƙarfe tara saura na safe, Gunvor Eidsvik ta dawo daga karin kumallo ta tarar da katako fayau a kan tebur, da ramukan noti huɗu. Madannin tangarahonta, abin da take ƙwanƙwasa saƙo da shi, ya yi ƙafa. Rediyon da ta biya maƙudan kuɗi na nan, batir na nan, wayar eriya na nan a ɗaure jikin ƙarfen bene. Abin tagullar nan kaɗai aka ɗauke, wanda mijinta Torleif ya ba ta ran da ya nemi aurenta.

Wata biyar ta yi tana rubuce-rubuce kafin kyaftin ya sa hannu a takardar izini: ɗan ɗaki a bene na sama, minti talatin kacal, daga ƙarfe huɗu na yammacin yau, daidai lokacin da jirgin zai gifta tsibirin da ita da Torleif suka yi shekara ashirin da shida suna aikin tashar rediyon gaɓar teku. Torleif ya rasu a Janairu. A al'adar masu wannan harka, idan ɗayansu ya mutu akan kira lambarsa sau uku a iska, a saurara, a ji ba amsa, sannan a rufe. Abin da ya kawo ta ke nan, kuma ba ta da niyyar yi da wani madanni dabam.

Jami'in tsaron jirgin, Sindre Kvalheim, tsohon ɗan sanda ne, mai haƙuri da tsofaffi. Ya duba teburin ya ce, "Ɓarawon nan bai san kasuwa ba."

"Ya san aikinsa dai," in ji Gunvor. "Dubi wayoyin. Bai yanke ba, kwancewa ya yi, ya naɗe bakinsu don kada su haɗu. Ni ma da haka zan yi."

Kyamarar matakala ta nuna fasinja uku sun hau tsakanin takwas saura kwata da tara: Madam Aune, Bajamushe Dieckmann, da Oddvar Myklebust, abokin teburinta a wajen cin abinci.

Madam Aune ba ta ɓoye komai ba. "Na tsani wayar can, tana ɓata min hoton duwatsu. Sau biyu na kai ƙara, kuma zan sake."

"Kin shiga ɗakin?"

"Na leƙa." Ta ɗaga hannayenta, yatsun duk sun lanƙwashe da ciwon gaɓoɓi. "Ɗana, murfin kwalba ma sai an buɗe min. Noti huɗu?"

Dieckmann shi ma ɗan harkar rediyo ne, kuma shekaranjiya ya taya madannin, Gunvor ta ce ba na sayarwa ba ne. Sindre ya same shi a waya yana yawon gari.

"Na so shi, ban musa ba, don ado a kan kanta. Ni da baki nake magana a rediyo, ƙwanƙwasan nan ko harafi ɗaya ban iya ba. Duba kyamararka, takwas da minti biyar na sauko, don kar motar yawo ta bar ni."

Haka kuwa kyamarar ta nuna. Saura Oddvar, wanda ya ce wa teburinsu shi makiyayin tumaki ne daga wani kwari can ciki, bai taɓa hawa jirgi ba sai bana. Kullum da safe yakan hau sama ya sha iska. Sindre ya ce ba zai birkice kayan dattijo don ya sha iska ba.

Mai gyaran ɗakuna ce ta kawo abin da ya rage. Sunanta Marites, tana ninke tawul a ɗakin da ke maƙwabtaka.

"Na ji ƙwas-ƙwas, Madam, na ɗauka ke ce. Da daɗin ji, kamar ruwa a kan rufi. Sai ya tsaya cak."

"Da ƙarfe nawa?"

"Daidai da aka yi sanarwar motar takwas da kwata. Na ninke tawul wajen goma shiru, sannan ya ci gaba."

Gunvor ta nemi kujera ta zauna. Agogon tsohuwar tasharsu ya faɗo mata a rai, farar fuska da jan fenti a wuri biyu, daga kwata zuwa minti sha takwas, daga saura kwata zuwa saura sha biyu. A waɗannan mintuna uku duk mai tangaraho a teku, daga nan har bangon duniya, yakan ɗage hannu ya kasa kunne, ko akwai jirgin da ke nutsewa yana kira da 'yar murya. Ta tuna ƙamshin kofi da zafin na'urori, da yadda teku gaba ɗaya ke yin tsit lokaci guda. An daina wannan tun kafin Sindre ya gama firamare, ita kuwa har yau takan ajiye cokali in kwata ta yi. Kuma jiya da daddare, a teburin cin abinci, ba cokalinta kaɗai aka ajiye ba.

"Kira min makiyayin nan," ta ce, "amma sai biyu da minti goma."

Oddvar ya zo da rigar ulu da ta ga shekaru, dogo, ya ɗan ranƙwafa. Gunvor ta zuba masa kofi.

"Tumaki nawa gare ka?"

"Tamanin, da can."

"Wane wata suke haihuwa?"

"Afrilu, wani lokaci Mayu. In sanyi ya daɗe kuwa sai mu..."

Idonsa ya sauka kan agogon hannunsa. Kwata ta yi, maganar ta tsaya a nan. Sindre ya buɗe baki, Gunvor ta ɗaga masa yatsa. Suka zauna su uku, ba abin da ake ji sai gurnanin inji a ƙarƙashin ƙafa. Da mintunan suka cika, Oddvar ya ɗago, ya ga tana kallonsa, ya gane.

"Tumaki ba sa koya wa mutum wannan," in ji ta. "Wane jirgi?"

"Na dakon katako. Shekara sha ɗaya ina kan tangarahonsa. Tumakin ma gaskiya ne, bayan an sallame mu." Ya sa hannu a aljihun rigar ya fito da madannin, naɗe a hankici, ya ajiye. "Kowace safiya nakan kira tasharku. Ke ce mai gaggawa a ƙarshen layi, kamar ana jiranki a waje."

Sindre ya zaro littafinsa. "Me ya sa ka ɗauka?"

"Taɓawa kawai na shiga yi." Bai dubi Sindre ba. "Shekaranjiya ta nuna wa Bajamushen can, ta ce Torleif ne ya saya mata a Rotterdam. Gunvor, Torleif ya taɓa zuwa Rotterdam?"

Ta tuna Torleif. Mutumin da ko kwale-kwalen wasiƙu ya hau sai ya yi amai.

"Juya shi," in ji Oddvar.

Shekara hamsin madannin na ɗaure a kan katakon da Torleif ya sassaƙa da hannunsa, ya ce don kar ya riƙa zamewa. Ba ta taɓa ganin ƙarƙashinsa ba. Ta juya. An karce tagullar da bakin wuƙa, rubutun ya yi baƙi: Ga Gunvor, daga O.M., 1974.

"Da wasiƙa na aiko shi. Na ce zan sauka a Bodø a watan Agusta, in kina son ganin fuskar mai hannun nan, ki zo bakin tasha. Kwana biyu na tsaya. Da na koma teku sai na ji ana taya ku murna a iska."

"Torleif ke karɓo wasiƙun tasha," ta ce a hankali.

Zuciyarta ta yi zafi, irin zafin da ba ta san tana da sauransa ba. Torleif, mai dumama mata safa a kan murhu, mai yanka mata cuku siriri yadda take so. Ta so ta ji ta tsane shi, abin ya ƙi. Ta ji haushinsa, ta ji kewarsa, duk a wuri guda.

"Na kasa jure a yi masa ban kwana da shi," in ji Oddvar. "Ban kyauta ba. Ki yi abin da ya kawo ki."

Sindre ya yi gyaran murya. "Dole in rubuta wani abu. Wa zan sa a gurbin ɓarawo?"

"Ɓarawon ya rasu a Janairu," in ji Gunvor. "Rubuta an samu kaya."

Ƙarfe huɗu tsibirin ya fito ta hagu. Ginin tashar na nan, an mai da shi gidan hutu, dogayen ƙarafan eriya kuwa an daɗe da sare su. Gunvor ta haɗa wayoyi, ta ƙi mayar da katakon, don haka Oddvar ne ya danne gindin madannin da yatsu biyu kada ya zame. Ta kira lambar Torleif sau ɗaya, ta saurara. Ta sake. Ta yi na uku, ta kai ƙarshe. Ba abin da ya dawo sai shuuu na iska. Ta rubuta lokacin a littafinta, ta ja layi.

Suka zauna suna kallon tsibirin yana komawa baya. Kwata ta yi, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa, ba wanda ya motsa. Da minti uku suka wuce, ta kashe rediyon, ta jawo madannin gabanta, ta buga a hankali, ba gaggawa a ƙarshen layi wannan karon. Saƙon ba ya zuwa ko'ina, iyakarsa ɗakin.

Oddvar ya runtse ido yana karantawa da kunne: Saƙonka ya iso yau. Ci gaba, ina saurare.