Gyara Ta Taga

"Wallahi tallahi, yaron nan ba zai ƙara taka min shago ba!"

Rantsuwar mahaifinta ta ratsa Zubaidatu har ƙashi. Ta damƙe bakin hijabinta.

"Baba, ni ce fa na danna... Na'urar ce ta nemi a sabunta ta, na yarda. Muhammad Nur ko garin nan Kabo bai shigo ba."

"Rufe min baki!"

Gonarsa ta Gammo Baban nata, Alhaji Maikuɗi, ya sayar ya buɗe shagon kwamfutar nan, inda ɗalibai ke gwajin jarrabawa. Muhammad Nur, saurayinta na Gwarzo, shi ya ɗora musu manhajar kyauta, don ta kuɗi ta fi ƙarfinsu a wannan tsadar. Yau tun safe uwar kwamfutocin ta daina ganin wayar da ta haɗa ta da sauran, ga ɗaliban makarantar Malama Clara na zuwa gwaji bayan la'asar.

Ja'afaru, ɗan wan Baba da ya daɗe yana zawarcin Zubaidatu, ya leƙa bayan na'urar ya taɓe baki.

"Baffa, katin da ake soka wayar a jikinsa ne ya ƙone. Araha ai ba ta ado. Wanda ya kashe maka na'ura tun kafin aure, me zai yi wa 'yarka?"

Suka fice masallaci, suka bar ta da hawaye.

Ta canza waya. Shiru.

Ta hure ramin, ta mayar. 'Yar fitilar da ke ƙiftawa a wurin ko motsi.

"Ranki ya daɗe, kuka ai ba ya gyara kati."

Ta juyo da sauri.

Muhammad Nur ne a bakin taga, daga waje, gumi sharkaf, hannuwansa a baya. Gefensa Gwaggo Marka, yayar Baba, ta dasa kujerarta tana fifita.

"Ni na kira shi," in ji Gwaggo. "Kuma ga ni zaune daram, balle 'yan Hisba su ce an keɓe."

"Nur, ka tafi... Baba ya rantse."

"Na ji. Ba zan sa shi kaffara ba, ƙafata ba za ta shiga ba. Hannunki zan ara."

"Ni? Ni da na ɓata?"

"Ba ki ɓata komai ba, sanyin idona. Zuciyar manhajar aka sauya, wato kanel. Direban da ke yi mata tafinta da katin kuwa na tsohuwar ne, sabuwar ba ta jin yarensa."

"To mu sauko da sabon direba."

"Ta wace hanya, alhali wayar ce ta mutu?"

Ta yi dariya cikin kuka.

"Tsohuwar zuciyar na nan, ba a goge ta ba. Kashe ki kunna, ki danne maɓallin da ke manyanta baƙi."

Ta danna a makare, na'urar ta wuce abinta. Janareta ya yi tari, man ciki ya kusa ƙarewa.

"Wayyo Allah, na kasa!"

"Sake. Yi bismilla, ba kora ake yi ba."

Wannan karon baƙin allo ya bayyana da layuka. Ta zaɓi na ƙasa kamar yadda ya ce, ta runtse ido.

"Zubaida... duba baya."

Fitilar na ƙiftawa, koriya shar!

"Alhamdulillahi! Nur, ta dawo! Ta dawo!"

"Yanzu ga hanya ta samu. Sauko da direban da ya dace da sabuwar."

Yana faɗa tana bugawa, baƙi bayan baƙi, har kwamfutocin suka gaisa da uwarsu. Ba su lura Baba ya jima tsaye a ƙofa ba. Ja'afaru kuwa tuni ya tuna yana da saƙo a Getso.

Alhaji ya dubi fitilar da aka ce ta ƙone. Ya dubi yaron da rana ke duka.

"Kai, me ya hana ka shiga?"

Muhammad Nur ya durƙusa. "Rantsuwarka, Baba."

Alhaji ya matsa daga bakin ƙofa.

"Ni na yi ta cikin fushi, kai ka riƙe min ita cikin rana. Tashi ka shigo."

"Baba, kaffara fa... ga yadda hatsi ya yi," in ji Muhammad Nur.

"Miskinai goma ne, zan ciyar. Allah ya yi maka albarka. Ka ce wa magabatanka ina jiransu."

"Maikuɗi, ka sa ni cikin goman," in ji Gwaggo, "ni ma na sha rana!"

Zubaidatu ta ja hijabi ta rufe fuska, tana godiya ga Allah a ranta. Ta ƙasan hijabin ta hango shi ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya shigo da ƙafar dama.