Labarin Kunkurun da Ban Sani Ba

Kwana uku ke nan abu ɗaya yana damuna, yara.

Autata Ladidi tana aron littattafan Turanci a laburaren garinmu. Malamar wurin ta ce mata, "Ki samu mai saurare ki riƙa karanta masa da ƙarfi, bakinki ya saba."

Ni ta zaɓa. Kullum da la'asar ina tsintar shinkafa, tana karantawa. Ni kuwa a aji uku na tsaya, fuskarta kawai nake kallo. In ta yi dariya in yi dariya, in ta ɓata rai in ce, "Ayya."

"Inna, kin gane?"

"Na gane, Auta."

Kullum haka. Yarinyar da bakinta ke rawa a gaban malami, yanzu Turanci zuba yake.

Ranar Litinin ta dawo da murna. "Inna, na gaya wa Malama duk labaran kin san su. Ta ce ki zo ranar Asabar ki ba ƙananan yara na kunkuru."

Ni ban ma san akwai kunkuru a ciki ba.

In na faɗa mata gaskiya, ina tsoron ta daina karanta mini. In na yi shiru, Asabar jibi ce. Ku da kuke sa'anninta, yaya zan yi?