Ɓatan Sulken Mai Kemis

Da hantsi aka turo Insifekta gidan Mai Kemis. Tun a ƙofa ya gane mutumin nasa: wando mai aljihuna har gwiwa, takalmin soja, baƙin tabarau, ga tumbi ya yi gaba abinsa.

"Wace bataliya kake, ranka ya daɗe?" in ji Insifekta.

"Magani nake sayarwa, Yallaɓai. Rigar sulkena aka sace, mai tare harsashi. Ɓarawon ma yana hannunku, mai wankinmu ne. Gobe ku kai shi kotu kawai."

Insifekta ya riga ya ga mai wankin a sel. Ƙato ne mai dantse, amma sai kuka yake, yana cewa 'ya'yansa ba su san inda ya kwana ba. Kukan nan ne ya hana Insifekta sa hannu a takardar kotu.

Aka kai shi ɗakin maigida. Kwabar kaya a buɗe, ba a ɓalle makulli ba. Agogo da waya suna kan tebur, ba wanda ya taɓa su.

"Rigar tana da nauyi?"

"Faranti biyu na ƙarfe ne a ciki. Ni kaina sai na yi nishi nake sa ta."

Insifekta ya tsuguna. A kan ledar ɗakin akwai ƙarzuwa guda biyu, dogaye, daga kwaba zuwa bakin ƙofa. Jan rigar aka yi, ba ɗauka ba. Mutumin da ke ɗaukar ƙunshin wankin gida uku a ka ba zai ja riga a ƙasa ba.

Ya kira matar gidan. Ta tsaya a bakin labule, tana murɗa gefen mayafi.

"Ina kike jiya da rana?"

"Kasuwa na je."

"Wa kika bari a gida?"

"Ba kowa."

"Ba kowa? Takalmin tsohuwa na gani a tsakar gida."

Ta sunkuyar da kai. "Inna ce, mahaifiyarsa. Ai ba ta da lafiya, shi ya sa ban lissafa ta ba. Jiya ciwon ya kama ta, don shekaranjiya ma ita ta share tsakar gida."

Ƙarzuwar ba ta nufi ƙofar waje ba. Ta ratsa simintin tsakar gida, ta bi ta gefen famfo, ta tsaya a ƙofar ɗakin ƙarshe. A bangon ɗakin, kusa da taga, akwai rami ɗan ƙarami da aka cike da sabon siminti. Insifekta ya san irin ramin nan sarai.

Ya yi sallama. Warin man zafi ne ya fara tarbarsa. Inna na zaune a kujerar roba, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali.

"Sannu, Inna. Bayan ne?"

"Tsufa ne, ɗan nan."

"Tsufan jiya ya fara? Surukarki ta ce shekaranjiya ke kika share tsakar gida."

"Ita ma bakinta bai da ƙofa."

Insifekta ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya cire hula. "Inna, akwai bawan Allah a kulle saboda rigar nan. Gobe alƙali zai tura shi gidan yari."

Carbin hannunta ya tsaya. "Kulle shi aka yi? Ce min aka yi tambayoyi kawai za a yi masa!"

Ta kalli ɗanta da ke tsaye a ƙofa, sannan ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Kofur ɗin da ya rako Insifekta ya durƙusa ya jawo rigar da ƙyar, an naɗe ta a tsohon bargo.

"Inna!" Mai Kemis ya cire tabarau. "Ke? Don kare kaina fa na saya. Kin manta yadda suka sa min bindiga a wuya a shago?"

"Ban manta ba, auta. Ranar ka kwanta ka ba su abin da suka nema, ka dawo min da ranka. Amma tun da ka sayi ƙarfen nan, ko tayar mota ce ta fashe sai ka zura shi ka yi waje." Ta nuna shi da carbi. "Ran da 'yan fashi suka shigo layin nan kowa ya rufe ƙofa, kai ka fita kamar soja. Su ma suka zaci kai soja ne. Harsashin da ya kuskure ka ga shi can a bangona. Rigar ta rufe maka ƙirji, kan naka fa? Shi ma ka saya masa?"

Mai Kemis ya juya ya kalli ramin da ke bangon.

Insifekta ya ji tausayin tsohuwar har cikin ransa, amma aiki aiki ne. "Inna, sai kin bi mu ofis kin faɗi wannan da bakinki, kafin mu saki mai wanki."

"Mu je. Ni zan roƙi gafararsa da kaina." Ta yunƙura, bayan ya riƙe ta. Ɗanta ya yi sauri ya tallafe ta, suka taka a hankali har bakin mota.

Kafin ta shiga ta kama hannun rigar Insifekta, ta rage murya. "Ɗan nan, abin nan fa? Mayar masa za ku yi?"

Insifekta ya dubi Kofur yana cusa sulken a bayan mota.

"Kayan shaida ne yanzu, Inna. Suna ɗakin ajiyarmu sai an rufe fayil." Ya buɗe mata ƙofa. "Ni kuwa ina da nauyin hannu wajen rufe fayil."