Duwatsun da Injiniya Ya Niƙa

Rana ta riga ta faɗi, amma duhu bai gama sauka ba, lokacin da dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwanon gidan. Sista tana tsakar gida tana sauke shanya, ba ta daɗe da dawowa daga asibitin da take aiki ba. Autarta, yarinyar da ta fara zama budurwa, tana bakin ƙofa tana goge takalmin makaranta. Ƙarar ta fito kamar an buga guduma. Dutsen ya gangaro a hankali, ya faɗo kusa da bokiti, ya tsaya.

Sista ta ɗaga kai. Babu dogon gini kusa da su, babu yara a layin, ko ganye ba ya motsi. Ta sunkuya ta taɓa dutsen. Baƙi ne wuluk, bai fi ƙwai ba, amma nauyinsa ya fi girmansa, kuma da ɗuminsa kamar yanzu ya bar tafin hannun mutum.

"Baban Auta, fito ka ga."

"Ina zuwa," aka amsa daga ɗakin baya, irin amsar da ta san ba zuwan za a yi ba.

Mijinta mai gyaran firinta ne, unguwa na ce masa Injiniya. Da rana yana shago yana cika wa mutane garin tona, wato baƙar hodar da firinta ke rubutu da ita, da yamma ya shige ɗakin baya ya rufo. Shekara da shekaru abu ɗaya yake bi. Lambobin da ake bugawa a ƙasan takardar ceki, ba da ido na'urar banki take karanta su ba, da maganaɗisu take shinshino su. Don haka sai da tona ta musamman mai garin ƙarfe a ciki, wadda daga nesa ake kawowa. Shi kuwa ya rantse sai ya haɗa tasa. Ya samo tsohuwar na'urar karatun ya ajiye a teburi: in ta gane lambobin ta kunna koriyar fitila, in ba ta gane ba ta kunna ja.

Jar fitilar nan Sista ta gan ta har ta gaji. Ya niƙa tsatsa, ja. Ya kankare zaren tsoffin kaset, ja. Labulayenta suka yi baƙi, rariyarta ta shiga ɗakin gwaji ba ta dawo ba, fararen kayan aikinta sai a uwar ɗaki take shanya su. Da ta kore shi daga falo ne ya fasa kwaɗon ɗakin baya, wanda tun da suka shigo gidan yake rufe. Ya share yanar gizo, ya kafa teburi, ya kunna injin niƙa.

Washegari da magariba duwatsu suka sake saukowa, haka ma jibi. Sai kuma murya. Ba ihu take yi ba, ba kuka ba; mita ce, ƙasa-ƙasa, irin ta tsohuwar da aka taka wa shanya, tana fitowa daga bangon ɗakin baya. In ka matsa ta yi shiru, in ka juya ta ci gaba.

Sista ta bi abin daki-daki, kamar yadda take bin ciwo. Ta tambayi maƙwabta. Ta aro tsani ta leƙa rufin. Ta tsaya a layi tana kallon sama, dutse ya faɗo a bayanta, cikin gidan, ba ta ga daga inda ya taso ba. A daren ta ce wa mijinta a kira Malam mai ruƙiyya.

"Yaran unguwa ne," in ji shi.

"Yaran unguwa ne suke magana a cikin bango?"

"Bututun ruwa ne. Iska ke shiga."

"Iska dai," in ji Sista. "Ka faɗa da bakinka."

Da zai kira Malam ɗin ma, da ba don abin da ya gani ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ya danne takardu da shi, da safe ya tarar ƙananan kusoshin teburin duk sun manne a jikinsa kamar tururuwa a kan sukari. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya fasa dutsen, ya niƙa, ya tankaɗe, ya gauraya da tona, ya buga layin lambobi, ya zura takardar a na'ura.

Kore.

Ya fito tsakar gida fuska baƙi ƙirin, haƙora kaɗai ke haske, yana riƙe da takardar da hannu biyu. Sista ta manta rabon da ta ga yana dariya haka, har ta kusa taya shi.

"To, an samu," ta ce. "Yanzu sai Malam."

"A ɗan ƙara haƙuri, Sista. Akwai wata maɗaba'a da ta ce in na kawo katirij, mazubin tonar nan na firinta, cike za su gwada. Wanda ke hannu bai kai ba."

"Me kake jira ya kai?"

Idonsa ya tafi kan rufi.

Satin nan aikin yamma aka sa ta, sai bayan isha take shigowa. Kullum ta tarar tsakar gida a share tas, babu dutse ko ɗaya, ta ɗauka abin ya lafa. Sai ranar da aka sallame ta da wuri. Ta turo ƙofa ana kiran magariba, ta ga Auta ita kaɗai a tsakar gida, tsugune, da baho a gefe, tana tsintar duwatsu suna ta faɗowa. Daga ɗakin baya injin niƙa na ta gurnani.

Sista ba mai ɗaga murya ba ce. Ta kama hannun yarinyar ta kai ta ɗaki, ta dawo ta zare wayar injin daga bango.

"'Yarka ka tura ta tsinto maka jifan aljanu."

"Ba su taɓa samunta ba, kan rufi suke sauka. Hannuna ne ba ya—"

"Gobe zan je wurin Malam da ƙafata."

"Jibi. Don Allah jibi. Kaɗan ya rage."

Ta bar shi zuwa jibi. Wannan jibin ita ta daɗe tana ci mata rai daga baya.

Duwatsun dama sun fara ƙanƙancewa, daga ƙwai sun koma kamar dabino, daga nan kamar tsakuwa. Ranar jibin babu abin da ya sauko. Sararin sama ya yi ja, ya yi toka-toka, ya rufe. Injiniya yana tsaye da baho a hannu yana kallon rufi kamar mai jiran ruwan sama. Mitar bango ma ta ɗauke. Shirun ya yi nauyi har Sista tana jin ɗigar famfo daga banɗaki.

Sai aka ci gaba da mitar, amma ba daga bango ba. Daga ɗakin Auta.

Yarinyar tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, bayanta ya ranƙwafa irin na tsofaffi. Idonta a buɗe, ba ta kallon kowa. Sista ta taɓa goshinta, babu zazzaɓi. Ta kama tsintsiyar hannunta, jini na bugawa daidai. Tana cikin haka ƙaramin almakashin da ke aljihun rigar aikinta ya zame ya manne a tafin hannun yarinyar. Ta ja, ya ƙi fita.

Ta juya wajen mijinta. Dubansa kawai ta yi. Ya ajiye bahon, ya fita ko takalmi bai sa daidai ba.

Malam dattijo ne siriri, mai tafiya a hankali. Ya yi sallama a ƙofar gida, ya sake yi a ƙofar ɗaki. Ya nemi ruwa a kofi, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Ya daɗe yana yi. Auta ta fara jujjuya kai, ta toshe kunne, ta yi wani dogon tsaki.

"Ya isa, Malam. Ba kurma ba ce ni."

Muryar tsohuwa ce, a shaƙe, a gajiye. Sista ta dafa bango.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai ɗakin baya. Ina nan tun kafin a yi rufin nan. Masu haya nawa suka zo suka tafi, ban taɓa ko cokalinsu ba."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Aike ta aka yi. Ubanta za ka tambaya. Ya fasa mini ƙofa ba sallama. Ya cika mini ɗaki da baƙin gari, jikokina na ta tari. Na yi magana, ya ce bututu ne. Na ciro dutse daga bangon ɗakina na jefa, don ya ji tsoro ya fita, kamar yadda kowane ɗan Adam mai hankali yake yi." Ta juya fuskar Auta wajen Injiniya. "Sai ya niƙa. Na ƙara, ya niƙa. Na ƙara, ya fito da baho. Malam, ka taɓa ganin wanda ake jifa yana tara baho?"

Malam bai yi dariya ba, amma ya shafa gemunsa ya dubi ƙasa.

"Bangona ya ƙare," in ji muryar. "Ba ni da inda zan kwana. Sai na shigo nan."

"Nan ba ɗaki ba ne, mutum ce. An zalunce ki, na ji, amma ke ma zalunci kike yi yanzu, kuma kin san wanda zai tambaye ki. Me zai fitar da ke?"

"Ɗakin, da duwatsuna."

"Ɗakin za a rufe miki. Duwatsun kuwa sun zama gari."

"Garin nake so. Da shi zan yaɓa."

Malam ya dubi Injiniya. Injiniya ya matso, ya ɗan rusuna kamar mai gaida surukarsa.

"Iya, ki yi haƙuri. Tambaya ɗaya. Wane wuri kike samo su? In kin faɗa mini, ni da kaina zan—"

"Baban Auta," in ji Sista a hankali.

"Ba ciniki muka zo yi ba," in ji Malam. "Tashi ka kwaso."

Ya kwaso. Kwalaben gari, rariya, tsumman goge teburi, takardun gwaji, har ta farkon nan da ta kunna kore, wadda ya liƙa a bango. Ya jibge su a bahon, ya ajiye a gaban yarinyar. Hannun Auta ya shiga ciki ya lalube, kamar mai auna hatsi.

"Saura."

"Shi ke nan," in ji Injiniya.

"Saura."

Malam ya ɗaga kofin zai ci gaba da karatu. Jikin Auta ya sandare, wuyanta ya lanƙwasa baya, wani siririn sauti ya fito wanda ba na tsohuwar ba ne, nata ne. Sista ta san inda saura yake. Tun da safe ta ga katirij ɗin maɗaba'a naɗe cikin tawul a saman kabad. Za ta iya tashi ta ɗauko da kanta, amma ba ta tashi ba. Ta rungume kan 'yarta a ƙirji, ta ɗago ta dubi mijinta.

"Shekarun nan duka ban taɓa ce maka ka daina ba. Labule, rariya, barci, duk na bar maka. Wannan ba zan ɗauko maka ba. Kai za ka ɗauko."

Ya dubi baƙaƙen hannayensa. Sannan ya fita. Suka ji an ja kujera, an taka, an sauko. Ya dawo da katirij ɗin, ya durƙusa, ya cire murfin da kansa, ya tuntsurar. Garin ya zubo suuu, laushi kamar kwalli, har ya ƙare. Ya bubbuga gindin, ya kakkaɓe. Ba wanda ya ce masa, ya ɗauki tsinke ya fitar da na ƙarƙashin faratansa, ya zuba a kai.

"To," in ji muryar. "A kai mini bahon ƙofar ɗakina. A sa kwaɗo. Kuma in za a wuce, a riƙa sallama, ba ta kashe kowa."

Malam ya karɓi alkawarinta cewa ba za ta dawo ba, ya sa ta maimaita. Ta maimaita tana mita. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, almakashin ya faɗo ƙasa, ta lumshe ido. Da ta buɗe, sai ta dubi uwarta ta ce da muryarta, "Mama, ƙishirwa nake ji."

Da safe bahon yana ƙofar ɗakin baya, wayam, kamar an wanke shi.

Injiniya ya mayar da teburinsa shago. Ya koma kan tsatsa da tsoffin kaset, jar fitila ta koma aikinta. In ya dawo gida ba ya zancen, Sista ma ba ta tambaya. Sabon kwaɗo yana ƙofar ɗakin baya, kuma duk su ukun, in za su wuce, sallama suke yi.

Wata magariba suna zaune a tsakar gida, Auta na karatu, wani abu ya faɗo a kan rufin, ƙwas, ya gangaro. Ɗanyen ɗan itace ne, tsuntsu ya saki. Amma kafin ya iso ƙasa Sista ta riga ta ga idon mijinta. Wajen bahon ya fara zuwa, sannan ya dawo kan 'yarsa, ya tsaya a can.

Sista ta tashi. Ta ja bahon zuwa bakin famfo, ta cika shi da ruwa, ta jiƙa labulayenta a ciki.