Kambin Azurfa da Gashin Selam

Gunvor ta ajiye butar kofi, ta ƙare wa kan Selam kallo. Selam ce yarinyar da ɗanta Sindre zai aura.

"Ba ƙi nake ba," in ji ta. "Amma duk amaryar gidan nan kambin azurfarmu take ɗorawa, uwar ango ke ɗinke shi a gashin amarya. Wannan gashin naki kuwa, ta ina zan fara? A ƙasarku me kuke sawa?"

"A nan Bergen aka haife ni, Gunvor," Selam ta amsa da murmushin yaƙe.

"Haba, Mama!" in ji Sindre. Iyakar jarumtar gogan ke nan, ya mai da hanci cikin kofi.

Selam na mutuwar son Sindre, kuma ta gaji da zama baƙuwa a inda aka binne cibiyarta. Ana gab da biki ta sayo man miƙar da gashi, ta kulle banɗaki ta lafta, ta bar shi ya wuce ƙa'ida don ya kwanta sosai. Gashi ya biyo ruwa, fatar kai ta saɓule.

Mahaifiyarta Letebrhan, mutuniyar birnin Asmara da ta yo ƙaura zuwa nan, ta gani ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo 'yata! Gashin da na raina da hannuna? Gashin kakarki! Saboda gwangwanin mutane?"

"Mama, so nake su ce ni tasu ce."

"Mu kuma fa? Ke ta wace ce?"

Selam ta sa kuka. Sindre ya zo ya durƙusa yana cewa, "Yi haƙuri, a fasa kambin!" Ihu bayan hari. Selam dai ta roƙe shi kada ya tayar wa uwarsa da hankali.

Ranar biki Gunvor ta iso da kambi da allura da zare. Selam ta zare ɗankwali. Kai duk miki, babu inda zare zai kama.

"Ni na jawo wannan?" in ji Gunvor.

"Ke ce!" in ji Letebrhan.

"Ƙyale ta, Mama," Selam ta ce a hankali.

Wannan kalmar ta karya Gunvor, ta fashe da kuka. Kambi dai ba zai zauna ba, kuka kuma ba ya tsirar da gashi. Sai ta ɗaga shi da hannu biyu bisa kan amarya, ta bi ta a baya har coci, duk da tsufanta, ta ƙi yarda kowa ya karɓe ta.

A bakin ƙofa wata maƙwabciya ta raɗa mata, "Wai 'yar ina ce?"

"'Yar gidana ce!" Gunvor ta faɗa da ƙarfi.

Haƙuri ya samo wa Selam uwa ta biyu, amma wani gefen kanta bai sake tsiro ba har yau. Iyaye, a tauna magana kafin a furta, don baki shi ke yanka wuya, wani lokacin ma wuyan wanda bai ji ba bai gani ba.