Sai Sarwar Ya Dawo

Ranar da Morjina ta fara ganin Didar, busasshen kifi ya zo saya wa baƙinsa a rumfar babanta da ke bakin teku a garin Cox's Bazar. Aikinsa kai 'yan yawon buɗe ido tsibirai a kwalekwalen inji, wata tafiyar yini guda, wata a kwana uku. Ta faɗi kuɗi, ya riƙe baki.

"Kifin nan ɗan sarki ne?"

"In bai yi maka ba ga teku can, je ka kamo."

Shi ke nan fa, aka kamu. Yana ce mata Sarauniyar Tsada, tana ce masa Agwagwa.

Sai dai gidansu Morjina dariya ba ta daɗewa a cikinsa. Shekara uku ke nan yayanta Sarwar ya ɗauki baƙi zuwa tsibiri, guguwa ta kifar da jirgin, aka tsamo kowa ban da shi. Babansu Nurul ya hana a yi masa salla, ya hana zaman makoki. Kullum sai an zuba shinkafarsa an rufe.

Da manyan Didar suka zo neman aure, ko shayi tsohon bai bari sun shanye ba.

"Ba aure a gidan nan sai Sarwar ya dawo. Ya za a yi ƙanwarsa ta fita bai raka ta ba?"

To wa zai buɗe baki ya ce masa Sarwar ya mutu?

Morjina ta tura wa Didar saƙo: "Agwagwa, ka nemi wata. Ni a nan zan tsufa."

Ya amsa: "Sarauniyata, ko furfura kika yi ni ne dai. Share hawayenki."

Daga nan Didar ya koma karɓar doguwar tafiya kaɗai, ya yi kwanaki waya ba ta shiga. Jashim, mai motar jif ɗin da ke kai baƙi kan duwatsu, wanda ya daɗe yana mata zarya, ya samu na faɗa.

"Kina nan kina korar ƙuda, agwagwarki ta yi sheƙa a tsibiri. Ni dai motata a ƙasa take tafiya."

Ta rubuta wa Didar: "In ka samu wata, faɗa min da bakinka." Kwana biyu shiru. Ta ci kuka ta ƙoshi.

Ashe ba mace Didar yake bi ba. Mutanen tsibiran nan in ruwa ya kawo musu gawar da ba su sani ba, sukan yi mata sutura su binne, liman ya adana rigarta ko da dangi za su zo. Baƙi na ɗaukar hoto, Didar na bin masallatai ɗaya bayan ɗaya. A na tara aka dace.

Ya dawo ya sami Morjina a bayan rumfa, duk ya rame, ya miƙa mata ƙunshi. Shuɗiyar rigar Sarwar ce, ga ɗinkin hannunta a aljihu.

"Didar, in Abba ya ga wannan zai ce kai ka kashe masa ɗa. Ba zai sake son ganinka ba."

"Na sani. In kin ce in mayar, zan mayar. Amma shekara uku yana kwance can, babu nasa da ya taɓa tsayawa a kansa."

Ita ta kai wa babanta rigar da hannunta. Tsohon ya shinshina ta, ya shige ɗaki, kwana biyu bai fito ba. Morjina ta fid da rai.

A safiya ta uku ya ce ta ɗauko gyalenta. Suka sami Didar a bakin ruwa yana shigar da baƙi.

"Kai matuƙi, sallame su. Yau ni za ka kai."

Kabarin ɗan tudun yashi ne da shingen gora. Nurul ya tsaya ya yi addu'a, can ya durƙushe ya fashe da kukan da ya riƙe shekara uku, har masuntan da ke gefe suna share ido. Ya dafa yashin.

"Sarwar, tunda ba ka zo ba, ga ƙanwarka na kawo maka. Ga kuma wanda ya nemo ka."

Ya dubi limamin tsibirin.

"Malam, kai ka sallaci ɗana. Kai za ka ɗaura auren 'yata, a nan, yau."

Ba kiɗa, ba lalle, masunta ne shaidu. Da aka shafa fatiha tsohon ya kama kafaɗar Didar.

"Allah Ya yi muku albarka. Duk wanda ya fita daga gidanku, Allah Ya dawo da shi da ƙafarsa."