Ranar Da Aka Kai Baba

"Zaratu! Ajiye almakashin nan!"

Ban ma ji shigowarsa ba. Ina tsaye gaban madubin banɗaki, na damƙi gashina da hannun hagu, almakashi a dama. Nanven, wanda zan aura, ya tsaya a bakin ƙofa cikin kayan aiki. Ko takalmi bai cire ba, shi da kullum nake wa faɗan takalmi.

"Nan, ka bar ni... Baba ya rasu."

"Na ga text ɗinki, shi ya sa na baro aikin unguwar Irving Park na taho. Allah ya jiƙansa. To gashin fa? Me ya yi miki?"

"Mama ta ce in zo." Na juyo na dube shi. "Amma Gafar take son gani."

Gafar ni ce. Abdul-Gafar aka raɗa min a Aboabo, zangon Kumasi, da rago da kaɗe-kaɗe, domin ni kaɗai Allah ya ba iyayena. Ina shekara tara muka taho Greensboro, a Amurka. Tun ban san komai ba na san ni mace ce, kamar yadda mutum ke sanin yana jin yunwa ba sai an faɗa masa ba. Na yi azumi a kai, na yi kuka a kan sallaya har goshina ya yi tabo, abin bai tafi ba. Da na cika ashirin da huɗu na je wurin likita na fara shan maganin sauya jiki, daga baya kotu ta ba ni sunan da na zaɓa.

Ranar da na faɗa wa Baba bai ɗaga murya ba. Ya dai miƙe ya buɗe min ƙofa. Shekara biyar ke nan. Tsakanin gidanmu a East Greensboro da ɗakina a titin Wendover minti goma sha biyar ne a mota, amma duk wanda ya tambaya, sai a ce masa Gafar na Texas yana aiki.

Yau bayan asuba Mama ta kira, muryarta ta dishe. "Babanka ya cika a asibiti. Da azahar za a yi masa salla. Kowa na tambayar ɗansa, don ɗa ke shiga kabari ya karɓi ubansa. Ka zo yadda ya san ka, kar ka kunyata shi yau." Kafin in ce komai ta kashe.

Nanven ya tako a hankali ya zare almakashin daga hannuna.

"Shekara biyar kina tara gashin nan, masoyiyata."

"Gashi ne kawai! Zai sake fitowa! Baba fa? Zai sake fitowa?"

"Ban ce kar ki je ba."

"Kai ba ka sani ba, Nan! Makon jiya ya kira ni daga asibiti. Karo na farko! Ya yi shiru, ina jin numfashinsa, sai ya ce, 'Ka ci abinci?' Shi ke nan abin da ya ce. Ni kuma tsoro ya hana ni zuwa. Na yi ta cewa gobe, gobe..."

Kuka ya ci ƙarfina. Ya riƙe ni har na lafa, ina jin warin ƙarfe da gumi a rigarsa. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, ta nan ma muka haɗu. Ya zo gyara tawa, ya ji ina zaginta da Hausa, ya fashe da dariya ya ce shi ɗan Langtang ne, kuma na'urar ba ta ji ba amma shi ya ji. A fita ta biyu na faɗa masa komai game da ni, ina jiran ya tashi ya bar ni da kuɗin abinci. Sai ya ce, "To. Za ki cinye dankalin nan ko in ɗauka?"

"Gwada kayan tukuna," ya ce yanzu. "Kafin ki yanke komai, gwada mu gani."

A ƙasan akwati ina da farin kaftani, wanda Baba ya ɗinka min a sallar ƙarshe da na yi a gida. Na saka, na tura gashin cikin hula, na juya ga madubi. Rigar ta matse a ƙirji, ta yi min burum a kafaɗa. Fuska sumul ba gemu, ga hudar kunne.

"Faɗa min gaskiya," na ce.

"Gaskiya kike so? Ba wanda zai ga namiji a nan. Mace za su gani ta sa kayan maza, ta shiga sahun maza, tana neman shiga kabari. A gaban Baba Rahim."

Baba Rahim ƙanin Baba ne. Shi ya taɓa fasa min leɓe a gareji ina shekara goma sha uku, don ya same ni da kwalli a ido. Shi ne kuma ya aiko min saƙo bayan na bar gida, cewa duk ranar da ya gan ni cikin zani, sai dai uwata ta haifi wani.

Gaba kura, baya sayaki. In na je a Gafar, asiri zai tonu a bakin kabari. In na je a Zaratu, mata ba sa zuwa maƙabarta a wurinmu. In na zauna kuma, za a rufe fuskar Baba ban gan ta ba har abada.

Na cire kaftanin na ninke. Na ɗauko baƙar abaya da dogon hijabi.

"Fuskarsa kawai nake so in gani," na ce. "Sau ɗaya."

"Zan kai ki. Zan tsaya a waje, wayata a hannu. Kika ji ba daidai ba, ki kira sau ɗaya."

Hanyar Wendover a cike take kamar kullum, mutane na ta shiga manyan kantuna, ba ruwansu. Ni kuwa duk jar wutar da ta tsayar da mu sai in ji kamar in buɗe ƙofa in gudu. Nanven na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan nawa, har muka isa masallacin da aka yi wa Baba wanka.

Motoci sun cika wurin har bakin titi. Baba shekara ashirin yana tuƙin tasi a garin nan, ba wanda bai taɓa ɗaukowa daga filin jirgi ba. Na ja hijabina har gira, na bi ta ƙofar mata.

Ban taɓa shiga ta wannan ƙofar ba a rayuwata.

Ciki ya cika da mata, ƙamshin turare da kukan jarirai. Ga Anti Khadijah mai sayar da waakye, shinkafa da waken Ghana, wadda ta goye ni a baya. Ga Anti Kaltouma 'yar Nijar, maƙwabciyarmu. Na sunkuyar da kai na raɓe jikin bango.

"Sannu, 'yata, matso nan akwai wuri," Anti Khadijah ta ce tana jan ƙafarta. "Daga wane gida? Ban san fuskar ba."

Na buɗe baki na rufe. Muryata na yi shekaru ina gyara ta, amma matar nan ta ji kukana tun ina cikin zanen goyo.

"Ayya, kuka ya hana ta magana. Kafra, yi haƙuri, kin ji? Alhaji na kowa ne."

A can gaba Mama take zaune kan darduma, ta rame, carbi a hannu. Mata na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa su yi mata gaisuwa. Idonta kuwa na kan ƙofar da ta raba mu da maza, ta kasa kunne ko za ta ji an ce Gafar ya iso. Layi ya zo kaina. Ba yadda zan yi, na rarrafa na durƙusa a gabanta.

"Ya haƙuri, Mama?" na faɗa can ƙasa.

Carbin ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, na ga lokacin da ta gane. Na rantse a lokacin na riga na ji ihun a kunnena, na ga mata na watsewa, maza na shigowa, ana jan hijabina.

"Wannan na ce?" ta raɗa, haƙoranta a haɗe. "Haka na ce a zo min?"

"Na gwada, Mama. Wallahi na gwada, bai yiwu ba. In gan shi kawai, sai in tafi. Please."

Ta kama tsintsiyar hannuna ta matse har na ji zafi, na kasa gane riƙon na duka ne ko na mene ne.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar tsakiya. Muryar Baba Rahim ta shigo kafin shi.

"Hajiya Rukaya, an gama haɗa shi. Iyali su zo su yi ban kwana, lokaci na tafiya."

Mama ta miƙe da ƙyar, ba ta saki hannuna ba. Dole na miƙe. Ta ja ni muka ratsa mata, muka bi wani siririn lungu zuwa ɗakin wankan. Baba Rahim na tsaye a bakin ƙofa, ya yi furfura amma faɗin kafaɗar na nan. Na kafa idona a kan takalminsa.

Baba na kwance cikin likkafani, an bar fuskar a buɗe. Ya ƙanƙance. Gemun fari tas, goshin da tabon salla, bakin a ɗan karkace kamar yadda yake yi in zai tsokani Mama. Ƙamshin kafur ya cika min hanci. Na durƙusa daidai kunnensa.

"Baba, na ci abinci," na ce. "Ina ci kullum. Ka yafe min ban zo ba."

"Hajiya, ina Gafar?" Baba Rahim ya tambaya daga baya. "Kin ce yana hanya. Wa zai karɓi ubansa?"

"Gafar ba zai zo ba," Mama ta ce. "Kai ƙaninsa ne, ka shiga ka karɓe shi."

"Subhanallahi! Ubansa fa! Wace irin..." Sai na ji takunsa ya matso. "Wannan kuma wace ce? Na ce iyali."

Ya leƙo fuskata. Ni da Baba hancinmu ɗaya, idonmu ɗaya, ga shi kuma muna kusa da juna. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, hannunsa ya dunƙule.

Mama, wadda tsawonta bai kai kafaɗarsa ba, ta shiga tsakaninmu.

"Da ni take."

"Hajiya, kin san abin da..."

"Rahim! Gawar yayanka ce a gabanka. Rana na yi, jama'a na jira. Ku ɗauke shi."

Ya daɗe yana huci. Sannan ya sunkuya, ya ja likkafani ya rufe fuskar Baba ya ɗaure, ya kira maza.

Muna jin kabbara huɗu ta bayan bango. Bayan sallama muka fito bakin ƙofar mata, muna kallo aka saka shi a mota. Nan iyakata. Duk rayuwata ina roƙon Allah ya tsayar da ni cikin mata, yau ga ni a cikinsu, kuma shi ya hana ni raka ubana. Zuciyata ta yi min ɗaci kamar zan mutu.

Na hango Nanven jikin motarsa. Na rubuta masa: "Bi su. Ka tsaya min."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya shiga layin motoci. Shi Kirista ne, ko Fatiha bai iya ba, amma cikin wannan taron wa zai tambaye shi?

Mama ta sa ni a motar Anti Kaltouma muka tafi gida. A hanya ba ta sake ni ba. A falo ta zaunar da ni a gefenta, ta ce a kunnena, "Kar a ji muryar nan." Na yi shiru na awa biyu cikin gidan da na girma, ina kallon kujerar Baba. Anti Khadijah ta kawo min ruwa, ta tsaya tana kallona fiye da kima, sannan ta kau da kai ta share ido.

Wajen la'asar maza suka dawo. An jera butoci a bakin ƙofa don su wanke hannu da ƙafa kafin su shiga. Baba Rahim ya wanke nasa, ya leƙo falo.

"Hajiya, ni da ke za mu yi magana."

"Bayan addu'ar uku," ta ce ba tare da ta dube shi ba. Na ji ta ƙara damƙe hannuna, sai a lokacin na san ita ma tsoron take ji.

Ta taga na ga Nanven a ƙarshen layi, shi kaɗai, bai san abin da ake yi da butar ba.

"Wancan fa?" Mama ta tambaya.

"Shi zan aura, Mama."

Ta rufe ido, ta ja carbi ɗaya, biyu, uku. "Wannan maganar ba ta yau ba ce. Baƙo ne, ya raka mijina. A je a zuba masa ruwa."

Na fita na ɗauki buta. Nanven ya miƙo hannayensa, sun yi jawur da jar ƙasa har cikin farce.

"Na ga kowa na ɗibar ƙasa sau uku yana zubawa a kabarin," ya ce a hankali. "Sai na matsa gaba na yi. Na ce wa Babanki daga Zaratu ne. Ban sani ba ko na yi daidai."

Na karkata butar, sai na kasa zubawa. Na ajiye ta a ƙasa, na kama hannayen nan biyu na kifa fuskata a ciki.

"Baba!" na ce da ƙarfi, da muryata, duk gidan na ji. "Wayyo Babana!"